Abin da Na Liƙa a Bangon Mabera

Ni ne Jelani mai liƙa fasta.
Da bokitin sitaci da guntun buroshi
nakan fita bayan lisha,
kafin asalatu bangon Mabera ya cika da haƙora.

Fuska ɗari biyar, naira dubu uku.
Na san su duka:
wanda aka goge wa tsagar kumatu,
wanda aka ƙara wa haske har mahaifiyarsa ta wuce shi,
wanda hularsa ta fi maganarsa tsawo.
Yau in ɗora wannan bisa wancan,
gobe wancan bisa wannan.
Wanda ya biya a ƙarshe shi ne a sama.

Ran wata Talata Gwaggo Tumba mai ƙosai
ta tare ni da matsami a hannu:
"Kai ɗan nan, wanga da ka manna min bisa kai,
ɗan wa na? Mi shika yi?
Ina shika kwana in ruwa ya ci unguwa?"

Na buɗe baki.
Sitaci ya bushe a yatsuna.
Na san launin rigarsa, na san alamar jam'iyya,
ban san ko ya taɓa taka layinmu ba.

Ta ce, "Ko tunkiya za ka saye a Kara,
sai ka buɗe baki ka ga haƙori,
ka taɓa gadon baya, ka ji nama.
Kansila kuwa mu ɗauke shi cikin buhu?"

Maganar ta bi ni gida, ta hana ni tuwo.

Luba ƙanwata tana kwaleji, hannunta da kyau.
Muka zauna a hasken waya muka tsara tambaya huɗu:
Ina gidanka?
Da me kake ci kafin siyasa?
Kwalbatin bayan makaranta, aikin wa ne?
In ka ci, wace rana za mu same ka, kuma a ina?

Mutum uku ke nema. Na kai wa kowa da ƙafata.

Sahabi tela ya amsa a kan teburin yanka,
rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan tawada.
Ya ce babban titi ba hurumin kansila ba ne,
ba zai yi mana ƙarya a kansa ba,
amma kwalbati zai bi shi ofis ofis,
kuma duk Asabar yana shago.
Modi ya amsa biyu, ya tsallake biyu,
ya haɗo ni da sabulu sanda uku.
Na ukun, Alhaji Maiturare,
mai gadi ya ce ya yi tafiya.
Na koma. Ya yi tafiya.
Na koma. Yana barci.

Da kuɗin aljihuna na buga takardun,
boko a sama, ajami a ƙasa,
na liƙa kowacce ƙarƙashin fuskar mai ita.
Ta Alhaji tambayoyi ne kawai
da layi huɗu farare tas.

Ita aka fi karantawa.

Masu kabu-kabu suka kashe inji.
Wani tsoho ya bi ajamin da ɗan yatsa.
Luba ta karanta wa Gwaggo sau biyu,
mai yana tafasa, ƙosai na neman ƙonewa.

Cikin dare aka yage su.
Da safe na mayar.
Yaron Alhaji ya ce in manta da aikin fasta bana.
Na manta. Sitacin ya ishe ni nawa aikin.

Ranar zaɓe na gan ta ta fito layin mata,
babban yatsa da tawada.
Ban tambaye ta wa ta dangwala wa ba,
ita ma ba ta faɗa ba.
Na miƙa ɗari biyu,
ta ƙirga min na ɗari biyu,
ta dube ni,
ta ƙara uku, da yaji.